Madam Sanyi da Fallayen Zinarenta

A gidansu Auta ake ce mata, ko da yake yanzu ta haura arba'in, furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwalinta. A jami'a kuwa Madam Sanyi ce, saboda ɗakin gwajinta yana can ƙasan ginin sashen kimiyya, inda ake sanyaya ƙarafa har su kai wani irin sanyi da ƙanƙara ma wuta ce a kansa. Ɗalibai suka laƙa mata sunan, ya kuma bi ta. Wanda bai san ta ba sai ya ɗauka sanyin hali ake nufi, tunda ba ta da hayaniya. Wanda ya zauna da ita kuwa ya san kullum cikinta a ɗure yake da ruwa. Mace ce da in waya ta yi ƙara gabanta ke faɗuwa tun kafin ta duba mai kira. In ta kulle ofis ta kai bakin matakala, sai ta dawo ta murɗa hannun ƙofar ta tabbatar.

Mahaifinta mai gyaran rediyo ne, a wani ɗan shago da ke ƙarƙashin matakalar wani bene. Nan ta tashi, cikin warin dalma da ƙurar tsofaffin akwatuna. In lasifika ta mutu murus, yakan ɓalle zoben maganaɗisun da ke bayanta ya ba ta ta yi wasa. Sai ta ɗaura masa zare ta riƙa jan sa a ƙasa, ya kwaso ƙusoshi da wani baƙin gari mai miƙewa tsaye kamar gashin mage. Ta taɓa tambayarsa me ya sa yake kama ƙusa amma ba ya kama zoben Inna.

Ya ce, "Haka aka halicce shi, Auta. Miƙo min sukuddireba."

Amsar ba ta ishe ta ba, kuma rashin isar ne ya kai ta jami'a. Ta gama, aka riƙe ta tana koyar da 'yan aji ɗaya. Ta auri wani mai gyaran lif, ɗakin ƙarfen nan da ke hawa da sauka da mutane a dogayen benaye, mutum mai raha wanda ko gini zai rufto sai ya gama shan shayinsa. Suka haifi tagwaye mata, ta zama Maman Biyu, shi Baban Biyu. Shekaru suka yi ta wucewa cikin goyo da duba takardun jarrabawa. Sai da ɗalibanta na da suka fara dawowa da digirin dakta suna zama a gabanta a taron malamai, sannan ta yi ta maza ta je ta ƙwanƙwasa ƙofar Farfesa, tana neman ya ɗauke ta ɗalibar digirin dakta.

Farfesa dogon tsoho ne busasshe, hannun rigarsa kullum fari fat da alli. Shi ya kafa ɗakin gwajin ƙasa tun yana saurayi, shi ya kawo katuwar tukunyar ƙarfen da ake zuba wa ruwan hiliyam don sanyaya abin gwaji, wadda kowa ke kira Filas. Ya saurare ta har ta gama kame-kamenta, sannan ya ce, "'Yata, kin makara, amma ni ma ban shirya tafiya ba tukuna. Zauna."

Aikin da ya ba ta, in an taƙaita, shi ne wannan. Zinare tsantsa, in ana sanyaya shi, wutar lantarki ƙara samun sauƙin wucewa take ta cikinsa, turjiyarsa ta yi ta raguwa har ta kwanta. Amma in aka barbaɗa masa baƙin ƙarfe ɗan mitsitsi, ƙwayar zarra ɗaya cikin dubbai, sai labari ya canza. Kowace ƙwayar ƙarfen nan ɗan ƙaramin maganaɗisu ce mai iya juya fuskarta duk inda ta ga dama. In sanyi ya yi sanyi, 'yan ƙwayoyin ilektiron da ke ɗauke da wutar sai su riƙa tsayawa suna kokawa da ita, su juya ta, ta juya su, hanya ta cushe. Turjiyar da ke ta sauka sai ta ɗago ta fara hawa. A allon kwamfuta layin yakan gangaro, ya lanƙwasa, ya ɗaga sama. Wannan ɗagowar suke kira wutsiya.

Farfesa ya ce, "To, ga inda nake so ki sa ido. Ilektiron abu biyu yake yi a lokaci guda. Yana juyi a kan kansa kamar katantanwa, ba wai ainihin haka ba ne, amma ki ɗauka haka tukuna, yana kuma kewaya ƙwayar zarra. A ƙarfe mara nauyi, juyi da kewaye kusan kowa harkarsa yake. A zinare kuwa, da yake mai nauyi ne, an ɗaure su da igiya ɗaya. Kika karkatar da hanyarsa, kin karkatar da juyinsa. Tambayata, me wannan ɗauri yake yi wa baƙon ƙarfen da ke zaune a gidan?"

Ta ce, "Ban sani ba, Baba."

"Madalla. Da kin sani da na kore ki."

Ta koyi narkar da zinare a cikin wani ƙoƙon gilashi da aka zuƙe wa iska, tururinsa ya tashi ya kwanta a kan 'yan gutsattsarin gilashi, falle-falle, wasu masu ɗan kauri, wasu sirara har in ka ɗaga su ga fitila sai ka ga haske kore-kore ta cikinsu. Ta koyi liƙa musu wayoyin da suka fi gashin kai siranta, tana riƙe numfashi. Fallaye masu kauri suka ba da wutsiya mai kyau, miƙaƙƙiya. Na tsaka-tsaki suka ba da gajeruwa. Da aka zo kan sirara, wutsiya ta ce ɗauke ni inda kuka ajiye. Layin ya gangaro ya kwanta, kamar babu ko ƙwayar ƙarfe ɗaya a ciki, alhali daga narki ɗaya aka yi su duka.

Da hantsi ne ta kai wa Farfesa takardun. Ya baza su a kan teburin kusa da Filas, ya tura tabarau goshi, ya daɗe yana kallo. Ta ga bakinsa ya motsa zai yi magana. Ya ce, "Ah, to ai..." Sai allin da ke hannunsa ya faɗi. Ta sunkuya ta ɗauko masa, ko da ta ɗago ta ga gefen fuskarsa ya zube kamar kakin zuman da ya ji wuta. Ya jingina da teburin, ya fara sulalewa. Ita ta tare shi, ita ta kira mai gadi, ita ta riƙe kansa a bayan mota har asibiti, tana ta kiran "Baba, Baba" yana kallonta da ido ɗaya.

Shanyewar ɓarin jiki ne. Ya rayu, amma hannun dama da ƙafar dama suka tafi, magana ma ta tafi, sai 'yan kalmomi da suke fitowa in sun ga dama.

Ba a daɗe ba Shugaban Sashe ya kira ta ofis. Mutumin kirki ne, sai dai aiki ya yi masa yawa, kuma fanninsa daban. Ya ce, "Madam, ba zan ɓoye miki ba. Wa'adin karatunki wannan zangon ne na ƙarshe, na roƙa an ce ba ƙari. Zan sa hannu a matsayin mai duba ki, amma sanin abin nan naku sai ku. Shawarata, ki rubuta a kan masu kaurin da suka yi kyau. Sirarun nan, ki ɗauka lalacewa suka yi."

"In kuma ba lalacewa suka yi ba fa, ranka ya daɗe?"

"To sai ki gaya mana abin da ya same su. Za ki iya?"

Ta tattara takardunta ta fito.

Daga nan ta shiga wani hali. Ta tabbatar wa kanta cewa laifin daga wurinta yake. Ta sake yin sirara, ta sa safar hannu biyu, wutsiya ba ta fito ba. Ta ce man shafawarta ne, ta daina shafa mai har fatarta ta fara tsagewa. Ta ce iskar ɗakin ce, ta wanke ƙoƙon narki, ta goge shi har ya yi ƙyalli, ta sake. Babu. Kowane gwaji kuma yana shan ruwan hiliyam, ga tankin yana ta yin ƙasa, mai kula da kayan sashe ya ce ba za a kawo wani ba sai bayan zango. Kullum da safe kafin ta ajiye jaka sai ta je ta leƙa allurar tankin.

A gida ta zama kamar baƙuwa. Ta sa gishiri a shayi. Ta tura tagwaye makaranta ranar da babu makaranta. Wata rana Baban Biyu ya same ta tsaye a gaban firiji, ƙofa a buɗe, ta yi zuru.

Ya ce, "Maman Biyu, nan ma wutsiyar kike nema? Rufe mana kada madara ta lalace."

"Kai komai wasa ne a wurinka."

"A'a, ba komai ba. Ramar da kike yi ba wasa ba ce. Ni dai na san abu ɗaya a aikina, in lif ya tsaya a hawa ɗaya kullum, ba na cewa hannuna ne. Amma ke kika san naki."

"In na faɗi fa? Yaran da na koyar su ne za su zauna su yanke min hukunci."

"In kin faɗi ki dawo gida, akwai wanke-wanke."

Ta so ta yi dariya, sai hawaye suka riga ta.

Duk ƙarshen mako takan je gidan Farfesa. An sauko da gadonsa falo don ba ya iya hawa bene, an tura kujeru gefe, ɗakin yana warin man zafi da sabulu. Matarsa, wadda kowa ke kira Mama, gajeriyar tsohuwa ce mai kazar-kazar, tsohuwar malamar jinya, ba ta yarda kowa ya yi kuka a gabansa. Madam Sanyi ta daɗe ba ta kawo maganar aiki ba, tana tsoron kada ta tayar masa da ciwo, tunda a kan takardunta ya faɗi. Wannan ma wani abu ne da ke cin ta a rai, ba ta taɓa gaya wa kowa ba sai Mama, wadda ta ce, "Ke tafi can. Hawan jininsa ya girme ki a jami'ar nan."

Ranar da ta kasa daurewa ta fito da takardun, Farfesa ya miƙo hannun hagu ya karɓa. Ya kalli layin mai wutsiya, ya kalli mara wutsiya. Wuyansa ya kumbura don ƙoƙari, leɓensa na rawa. Can ya ce, "Bango."

"Na'am, Baba?"

"Bango. Bango."

Ta juya ta kalli bangon. Agogo ne a jiki, da hoton yaransu. Mama ta taso ta ce, "Ƙarar agogon nan ke damunsa," ta cire shi ta kai ɗaki. Ya girgiza kai, ya ce bango. Aka cire hoton. Aka juya shi ya fuskanci bangon, ya yi ta gurnani har aka maido shi. Daga ƙarshe ya rufe ido, hawaye ya gangaro ta gefen da ya shanye, takardun suka zame ƙasa. Madam Sanyi ta tattara su, ta rantse a ranta ba za ta sake kawo su ba.

Wata safiya ɗan Mama da ke kai su asibiti gashin ƙashi ya yi tafiya, sai Madam Sanyi ta ce ita za ta raka su. Sashen yana hawa na sama, babban lif ɗin marasa lafiya kuma ana gyaransa, sai ƙarami. Suka tura keken Farfesa ciki, mutane suka biyo baya suka cika shi maƙil. Aka matse ta a kusurwa, kafaɗarta manne da ƙarfe mai sanyi. Bargon da ke cinyar Farfesa ya zame, ta so ta juya ta gyara masa, ta kasa. Wani mutum da ke tsakiya, da jakarsa da komai, ya juya abinsa sarai ya danna lambar hawansa. Ita kuwa ko wuya ba ta iya karkatawa, bango ta baya, bango ta gefe. Ta dubi sauran, ta ga a ɗan akwatin nan kusan kowa a jikin bango yake.

Nan take kalmar Farfesa ta faɗo mata, ta tuna da fallayenta. Ƙwayar ƙarfen da ke can tsakiyar zinare mai kauri, ko'ina ta duba iri ɗaya ne, sai ta juya yadda take so. Wadda ke kusa da fatar fallen kuwa, ilektiron ɗin da ke zuwa mata sun bugi bango sun dawo, hanyarsu ta karkata, kuma tunda a zinare hanya da juyi a ɗaure suke, sai su zo mata da juyin da ya san inda bango yake. Su tilasta mata fuska ɗaya, ta ƙame. Wadda ta ƙame ba ta kokawa da kowa, in babu kokawa babu cushewar hanya, babu wutsiya. A falle siriri kuwa, kowace ƙwaya maƙwabciyar bango ce.

Ƙofa ta buɗe, mutane suka fita, ita tana tsaye. Mama ta ce, "'Yar nan, lafiya? Tura mana, za a rufe da mu."

Wani zai yi murna. Ita tsoro ne ya kama ta, don yanzu akwai abin da za a gwada, abin da za a gwada kuma yana iya ƙaryata mutum. Tana zaune a bencin jira, ana can ana miƙe wa Farfesa ƙafa, ta gano yadda za ta yi. In bango ne matsalar, sai a matsar da bangon. A ɗauki siririn fallen, a lulluɓe shi da zinare tsantsa wanda babu ƙarfe a ciki. Yawan ƙarfen bai canza ba, amma yanzu ya koma tsakiyar gida. In wutsiya ta dawo, to fallayenta ba lalacewa suka yi ba. In ba ta dawo ba, shi ke nan.

Mai kula da kaya ya leƙa allurar tanki ya ce abin da ya rage zai yi sanyaya ɗaya, in an yi tattali.

Ta ɗauki kwanaki tana shiri, tana kuma ɗage ranar. Yau ta ce wayar ba ta liƙu da kyau ba, gobe ta ce kanta na ciwo. Sai da Baban Biyu ya ce zai ɗauki hutu ya zo ya zauna mata a bakin ƙofa, sannan ta ji kunya ta sa rana.

Da sassafe ta saukar da fallen cikin Filas a bakin doguwar sandar ƙarfe. Ta buɗe bututun hiliyam, farin tururi ya taso, famfon zuƙe iska ya kama bugawa kamar zuciya. Ta zauna a kan doguwar kujera mara majingini, hannuwa a cikin hammata. Ɗigon farko ya bayyana a allo, sai na biyu a ƙasansa kaɗan. Layin ya fara gangarowa. Wannan ba labari ba ne, kowane zinare haka yake yi. Ta tashi ta zaga ɗakin, ta dawo. Wani malami ya leƙo neman mabuɗin aji, ta ba shi ba tare da ta ga fuskarsa ba. Wayarta ta yi ƙara, ta kife ta, sannan ta tuna ko makarantar tagwaye ce, ta ɗauka da sauri, ashe masu tallan layi ne.

Wajen azahar layin ya kwanta. Ɗigo bayan ɗigo, duk a jere, shimfiɗe kamar tabarma. A daidai nan sirara suke mutuwa. Ta kalli allurar tanki, ta kusa taɓa ƙasa. Ta fara shirya kalmomin da za ta gaya wa Shugaban Sashe, har ta ji muryarta tana cewa na gode da haƙurin da aka yi da ni.

Sai wani ɗigo ya zauna sama da ɗan'uwansa da kamar kaurin zare. Ta ce ƙaiƙayin na'ura ne. Na bayansa ya ɗara shi. Na bayan wannan ma haka. Ta matso har numfashinta yana dusashe gilashin allon. Wutsiya ce, tana ɗagowa a hankali kamar mai jin nauyin jiki. Ba ta kai ta masu kauri ba, ta tsaya wajen rabi lokacin da hiliyam ya ƙare, famfo ya canza murya, sanyi ya fara guduwa.

Ta kira mijinta. Ya ce, "Yaya?"

"Ta fito. Amma rabi."

"Rabin wutsiya ai wutsiya ce. Kin ci abinci?"

"Me ya sa rabi? Za su tambaye ni me ya sa rabi."

"Maman Biyu, je ki ci abinci."

Da ta zauna rubutu, ta shiga laburare neman ko wani ya taɓa faɗin abu makamancin wannan. Yanzu da ta san abin da take nema, ba ta sha wahala ba. A wata tsohuwar mujallar kimiyya ta tarar wasu masana a wata ƙasa mai nisa sun riga sun kawo wannan tunani shekaru da yawa da suka wuce, da lissafinsu da komai, wasu kuma suna musa musu. Ta zauna tsakanin kantoci, mujallar a cinya, ta rasa abin da za ta ji. Ga sanyin rai cewa ba hauka take yi ba, ga kuma wani ɗaci, don ta ɗauka ita ta fara gani. Bayan wannan sai sabon tsoro, kada a ce ta kwafa. Ta rubuta sunayensu a babi na farko da na ƙarshe da duk inda ya samu wuri, har Shugaban Sashe ya ce ta rage, ba ita ta haife su ba. Abin da ya zama nata shi ne awon da ta yi da hannunta, a kaurin da ba su gwada ba, da rabin wutsiyar nan da ba ta san dalilinta ba.

Ranar kare aikin, mai jarrabawar da aka gayyato daga wata jami'a, wata mata mai ƙaramar murya da kaifin ido, ta bar ta ta yi bayani har ƙarshe, sannan ta tafi kai tsaye inda ake tsoro.

"Me ya sa rabi?"

Madam Sanyi ta dafa tebur ta ce, "Ina da zato biyu, ranki ya daɗe. Ko lulluɓin bai yi kaurin da zai nisanta bangon sosai ba, ko kuma gilashin da ke ƙasa shi ma bango ne, ban kuwa lulluɓe ta nan ba. Wanne ne a ciki, ban sani ba. Hiliyam ya ƙare."

Matar ta daɗe tana rubutu. Ta ɗago ta ce, "Ki sa wannan a babi na biyar, yadda kika faɗe shi yanzu." Aka ba ta digiri, da sharaɗin gyare-gyare masu yawa.

Yau ita ke riƙe da ɗakin ƙasa. Ba ta yi suna ba, ba a kiranta taro a ƙasashen waje. Tana koyar da 'yan aji ɗaya kamar da, tana rubuta takardar roƙon hiliyam duk shekara, wani lokaci a samu, wani lokaci a ce sai baɗi. Gwajin lulluɓe falle ta sama da ƙasa har yanzu yana jiran tanki.

Da sakamako ya fito ta je ta gaya wa Farfesa. A ƙofar kicin ta tsaya ta tambayi Mama abin da ya daɗe yana damunta, ko da ya ce bango, bangon zinaren yake nufi.

Mama ta ce, "Wa ya sani, 'yar nan? Jiya da yana son ruwa bango ya ce. Likita ma da ya shigo bango ya ce masa. Wataƙila a ranar da nufi ya faɗa, wataƙila ita kaɗai ta rage masa a baki. Ni na daina tambaya."

Ta shiga ta durƙusa kusa da gadon, ta gaishe shi, ta fara ba shi labari tun daga lif har zuwa mai jarrabawa. Yana kallonta, idonsa mai lafiya yana bin bakinta. Da ta zo wurin wutsiya ya matse mata yatsu da hannun hagu, ko don ya gane ne, ko don ta daɗe ba ta zo ba. Kafin ta kai ƙarshe barci ya ɗauke shi.

Mama ta fito da ɗan abin yanke farce ta ce, "Tunda ya yi barci, taimaka min da na hannun daman nan. Idona ba ya gani sosai yanzu, shi kuma ko an yanke shi ba zai ji ba balle ya faɗa."

Madam Sanyi ta jawo kujera kusa da taga inda haske ya fi yawa. Ta ɗora hannun a kan cinyarta, mai nauyi, mai ɗumi, ta buɗe yatsun da suka dunƙule ɗaya bayan ɗaya. Ta fara da ƙaramin, tana cire kaɗan-kaɗan, tana tsayawa ta duba ko ta kusa nama.